Wutar Kara da Wutar Ƙaiƙayi

Ɗana, Shekaranjiya da muke dawowa daga ta'aziyya, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, ka rage gudun mota ka nuna mini wutar da aka cinna wa dajin gefen hanya, ka ce, "Baffa, wai duk wannan hayaƙin ina yake zuwa?" Na ce maka sama yake zuwa, muka yi dariya, aka kira magariba, magana ta wuce. To ni ba ta wuce mini ba, domin tambayar yaro mai hankali takan kwana a ran tsoho, saboda haka na ce bari in zauna in rubuta maka amsar a tsanake, tunda ku yaran yanzu kun fi riƙe abin da kuka karanta a waya a kan abin da aka faɗa muku a kan tabarma. Idan na yi tsawo ka yi haƙuri da ni, tsufa ne da kuma halin malamin gona, wanda ba ya iya faɗin abu sau ɗaya ya yi shiru.

Wuta iri biyu ce a gidan Bahaushe, kuma ka san su duka ko da ba ka taɓa tsayawa ka gwama su ba. Akwai wutar kara, wadda ke tashi bal-bal da ƙara kamar za ta cinye gari, amma kafin ka juya baya ta mutu, shi ya sa mai tuƙa tuwo da kara ba ta barin bakin murhu. Akwai kuma wutar ƙaiƙayi, ita wannan da ƙafata na san ta. Ina ɗan shekara takwas ko tara, bayan an gama sussukar gero aka tara ƙaiƙayi a masussuka can bayan gari aka sa masa wuta. Kwana uku bayan nan na bi ta wurin ina korar akuyarmu, na ga toka fara fat, babu hayaƙi, har kaji sun yi tone-tonensu a gefe, sai na taka da gudu. Ƙafata ta nutse har idon sawu cikin garwashi ja wur. Kakata, Allah Ya jiƙanta, tana shafa mini magani tana faɗa, "Kai ba a gaya maka ta ƙarƙashi take ci ba?" Tabon yana nan har gobe, in ka zo zan nuna maka.

Yanzu ga amsar tambayarka. Duk tsiron da ka gani, tun daga ciyawa har kuka, da iska ya gina yawancin jikinsa, domin ganye yana zuƙo wata iska da masana ke kira kabon dayoksaid, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya mai da ita itace da saiwa da ƙwaya. Saboda haka kowace bishiya rumbu ce, kuma ranar da wuta ta ci ta, ajiyar da ke ciki sai ta koma sama. Baƙin hayaƙin da ya ɗauki idonka ba shi ne mai daɗewa ba, wannan toka ce da dauɗar wuta, cikin ƴan kwanaki ko makonni take sauka. Mai daɗewar ba ta da launi ba ta da wari, kuma wani kasonta yakan yi ɗaruruwan shekaru a sama yana riƙe zafin rana kamar bargon da aka lulluɓa wa mai zazzaɓi. Kafin zamanin injuna, a cikin kowane kashi miliyan na iskar duniya ita kashi 280 ce, yau ta haura 420. Mafi yawan ƙarin daga man fetur da kwal da gas ya fito, amma gobarar daji tana da nata kason.

Wutar da muka gani a hanya, ta busasshiyar ciyawa, wutar kara ce. Nahiyarmu ta Afirka ita ke da mafi yawan ƙasar da ke ƙonewa a duniya kowace shekara, taurarin ɗan'adam suna ganin haka duk rani, amma ciyawar da ta ƙone da hunturu takan sake tsirowa da damina ta zuƙe mafi yawan iskar da ta fita. Bashi ne da ake ci da rani a biya da damina. Kada ka ɗauka na wanke masu toyi, zan dawo kansu. So nake ka fara ganin ɗaya wutar, wadda bashinta damina ɗaya ba ta biyansa, ko damina ɗari, kuma ban san ƙasar da ta fi nuna ta a fili kamar Indunusiya ba.

Ka san mutanen Indunusiya ko da ba ka je ƙasarsu ba. Duk wanda ya sauke farali ya gan su a Makka da Madina, suna tafiya sahu-sahu da kaya iri ɗaya, masu ladabi da sanyin murya, domin babu ƙasar da ta kai tasu yawan Musulmi sai ko Pakistan da ke kafaɗa da kafaɗa da ita. Taliyar Indomie da ƙannenka ke rigima a kanta, asalinta daga can ne. Ƙasa ce ta dubban tsibirai, ruwan sama yana zuba mata kusan duk shekara, kuma a manyan tsibiranta, Sumatara da Boniyo, wanda su suke kiran ɓangarensu Kalimantan, akwai wata irin ƙasa da mu ba mu da ita a ƙasar Hausa. Suna ce mata gambut. Ka ƙaddara fadama ce mai kurmi, wadda ruwa ba ya taɓa janyewa daga cikinta, saboda haka ganye da rassa da kututture duk abin da ya faɗo ba ya ruɓewa ya ƙare, domin ruwa ya hana iska isa gare shi, sai dai ya kwanta a kan na jiya, na gobe ya kwanta a kansa. A shekara guda abin da ke taruwa bai wuce kaurin ƙwayar gero ɗaya ko biyu ba, amma an yi dubban shekaru ana tarawa, har a wasu wurare zurfinsa ya wuce mita 10, wato ya fi tsayin bene mai hawa biyu. Irin wannan ƙasa, in aka haɗa ta duk duniya, ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon ɗin da ke binne a cikinta ya fi na duk itatuwan dazuzzukan duniya. Muddin tana jiƙe, ko ka zuba mata fetur ba za ta ci ba. In ta bushe kuwa, ƙaiƙayi ce mai zurfin rijiya.

To wa ya busar da ita? Mutane ne, kuma ba da mugun nufi suka fara ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Masu katako suka haƙa ƙananan magudanai don su riƙa jan gungume ta kan ruwa. Masu gonakin itacen takarda da na kwakwar manja suka haƙa manya domin shukarsu ba ta son saiwarta a cikin ruwa. Ita kwakwar manjan nan, in ba ka sani ba, ƴar Afirka ta Yamma ce, tamu ce. A 1848 aka dasa guda huɗu na farko a lambun Bogor da ke tsibirin Jaba, yau ga shi babu ƙasar da ta kai Indunusiya samar da manja. Sai kuma babban aikin gwamnati. A tsakiyar shekarun 1990 Shugaba Suharto ya ƙudura mai da hekta miliyan 1 ta wannan fadama a Kalimantan ta Tsakiya gonar shinkafa, fili kusan rabin Jihar Kano, don ƙasarsa ta ci da kanta. Niyya ce mai kyau, wa zai ƙi shinkafa? Aka sare kurmi, aka haƙa magudanan ruwa da tsawonsu ya haura kilomita 4,000, kamar ka je Legas daga Kano ka dawo har sau biyu. Masu ilmin ƙasa sun yi gargaɗi cewa gambut tana da tsami kuma ba ta da abincin shuka, ba a saurare su ba. Shinkafar ba ta yi abin kirki ba, aikin ya mutu bayan saukar Suharto a 1998, amma magudanan ba su mutu ba, suka ci gaba da tsiyaye ruwan fadamar zuwa koguna dare da rana, ba wanda ya umarce su, ba kuma wanda ya hana su.

A 1997 fari ya zo. Akwai wani sauyi da ke faruwa a Tekun Fasifik bayan ƴan shekaru, ana ce masa El Nino, wanda in ya zo yakan ɗauke wa Indunusiya ruwan sama wata da watanni. Ba baƙo ba ne, ko a 1982 zuwa 1983 ya zo har gobara ta ci fiye da hekta miliyan 3 a gabashin Kalimantan, wanda ya isa ya zama ishara. Amma na 1997 ya tarar da ƙasa an riga an tsotse ta. Manoma da kamfanoni suka sa wuta don share fili kamar yadda suka saba kowace shekara, domin ashana ta fi katafila araha, sai wutar ta ƙi tsayawa a sama, ta nutsa cikin ƙasa. Irin wannan wuta ba ta da harshe sosai, ci take a hankali tana tafiya ta ƙarƙashi, ta ɓullo can wani wuri da ba a zata ba, bishiya tana tsaye da ɗanyen ganye sai ta kife domin an cinye ƙasar da ke riƙe da saiwarta. Kuma da yake ba ta samun isasshiyar iska, hayaƙinta ya fi na wutar fili kauri da guba, yana ɗauke da iskar metan mai yawa, irin wadda ke tashi daga juji da tumbin shanu, wadda ta fi kabon dayoksaid riƙe zafi nesa ba kusa ba. Hayaƙi ya rufe Malesiya da Singafo. A ranar 26 ga Satumba na wannan shekara wani jirgin fasinja ya faɗi kusa da birnin Medan cikin wannan hazo, mutum 234 suka rasu. Allah Ya jiƙan musulmi.

Bayan shekara biyar, a 2002, wata malamar Jami'ar Lesta ta Ingila mai suna Susan Page da abokan aikinta suka fitar da lissafi a mujallar Nature. Sun auna zurfin ƙasar da wutar ta cinye, suka haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam, suka ce gobarar Indunusiya ta 1997 ta saki kabon tsakanin tan miliyan 810 zuwa tan biliyan 2.57, wato kashi 13 zuwa 40 cikin 100 na abin da duk motoci da masana'antu da tashoshin lantarkin duniya ke fitarwa a shekara guda a wancan lokaci. Ka sake karanta wannan layin, ɗana. Ƙasa ɗaya ce, cikin ƴan watanni.

A nan bari in ja kunnenka a kan wani abu da zai amfane ka ko a wajen wannan zance. In ka ga lamba a jarida, fara tambaya da wane mudu aka auna. Masu wannan lissafi mudu biyu gare su: wani lokaci su auna kabon zalla, wani lokaci su auna iskar da ya zama bayan ya haɗu da iskar shaƙa, kuma tan ɗaya na kabon yakan zama tan 3.67 na kabon dayoksaid. Saboda haka wancan ƙaramin adadin na miliyan 810, in ka juye shi a ɗaya mudun, ya kusa tan biliyan 3. Na sha ganin masu ilmi suna gardama har jijiyar wuya, alhali ɗaya da tiya yake awo ɗaya da mudu. Sannan ka lura da tazarar da ke tsakanin ƙaramin adadin da babban, babban ya ninka ƙaramin sau uku. Wannan ba gazawa ba ce, gaskiya ce, domin wutar da ke ci a ƙarƙashin ƙasa ba a ganinta daga sama, kuma ni na fi amincewa da mai awon da ya ce mini "tsakanin kaza da kaza" a kan wanda ya ba ni lamba ɗaya yana bugun ƙirji.

Ruwa ya dawo, wuta ta mutu, aka manta. Ƙasashen yankin sun sa hannu a wata yarjejeniya ta yaƙi da hayaƙi mai ƙetare iyaka a 2002, amma Indunusiya ba ta tabbatar da ita a majalisarta ba sai 2014, ita ce ta ƙarshe. Shekara goma sha biyu ke nan. A tsakani an ci gaba da haƙa magudanai, ana ci gaba da faɗaɗa gonaki, gobara tana tashi sosai a shekarun da ruwa ya yi ƙaranci irin 2002 da 2006 da 2009, ta lafa a shekarun da ya yi yawa. In da za a zana maka hayaƙin ƙasar shekara bayan shekara a takarda, ba za ka ga hanya miƙaƙƙiya ba, haƙoran zarto za ka gani. Kuma duk shekarar da layin ya sauka, akwai mai fitowa ya ce ƙoƙarinsa ne, alhali ruwan sama ne ya rufa masa asiri.

Sai 2015. El Nino ya dawo da ƙarfi, kuma tsakanin Yuni da Oktoba wuta ta ci hekta miliyan 2.6, fili da ya fi Jihar Kano faɗi. A birnin Palangka Raya, hedikwatar lardin da aka yi waccan gonar shinkafa da ba ta yiwu ba, da tsakar rana sararin sama ya koma ruwan ɗorawa, masu babura suna kunna fitila, an rufe makarantu makonni, jirage sun daina sauka, har gwamnati ta tanadi jiragen ruwan yaƙi don kwashe yara in abin ya ƙi. Kimanin mutum rabin miliyan suka kamu da ciwon numfashi. Masu bin diddigin gobara ta tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta iskar da ta fita da kimanin tan biliyan 1.75 a babban mudu, kuma a ranaku da dama na Satumba da Oktoba abin da wutar ke fitarwa a yini ɗaya ya zarce na dukan Amurka a yini ɗaya, da motocinta da masana'antunta. Don ka ji nauyin abin a hannunka: duk man da Najeriya ke ƙonawa da gas ɗinta da simintinta ba su kai tan miliyan 150 a shekara ba, saboda haka gobarar ƴan watanni ta fi namu na shekara goma. Bankin Duniya ya ce asarar ta kai dala biliyan 16.1, fiye da ninki biyu na kuɗin sake gina lardin Aceh na ƙasar bayan igiyar ruwan tsunami ta 2004. Gwamnati ta ƙirga mamata ba su kai talatin ba, domin waɗanda suka faɗi nan take kawai aka rubuta, amma masu bincike na jami'o'in Harvard da Columbia sun ƙiyasta cewa hayaƙin ya gaggauta ajalin mutum kusan 100,000 a ƙasashe uku. Hukumomi sun musanta wannan adadi. Ko ma wane ne ya fi kusa da gaskiya, tsohuwa mai asma da ta rasu a ɗakinta ba ta shiga rajistar gobara.

An tura sojoji, an tura jirage masu zubo ruwa daga sama, maƙwabta sun kawo gudummawa. Masu kashe gobarar daji na ƙasar, da ake kira Manggala Agni, da ƴan sa-kai na ƙauyuka, sukan soka bakin mesa cikin ƙasa su yi ta ɗura ruwa har wurin ya zama taɓo, su matsa taku kaɗan su sake, gobe su dawo su tarar hayaƙi na fitowa a bayansu. Mutane suka fita sallar roƙon ruwa gari-gari, kamar yadda muke yi in damina ta yi tsaiko. Wutar ba ta mutu ba sai da ruwan sama ya sauka a ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba.

Da aka zo neman mai laifi, kowa ya nuna wani. Kamfani ya ce daga gonar talaka ta shigo, talaka ya ce kakanninsa sun yi ta ƙona sassabe ba a taɓa ganin haka ba, kuma yana da gaskiya, domin a zamanin kakanninsa ƙasar jiƙe take. An kama ƙananan manoma da dama, kotuna sun ci wasu kamfanoni tara mai yawa, amma kaso mai tsoka na tarar an yi shekaru ba a biya ba. Wannan ba sai na yi maka bayani ba, ka san yadda duniya take. Ni dai a ganina duk sun tsaya a kan ashana, alhali gobarar an kunna ta ne tun ranar da aka haƙa magudana, shekara goma ko ashirin kafin a ƙyasta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma abin baƙin ciki, busasshiyar gambut ko ba a sa mata wuta ba tana ruɓewa a hankali tana sakin iskar, ƙasar tana nutsewa santimita kaɗan kowace shekara, ba hayaƙi ba labari.

Ɗana, a nan ne na ajiye alƙalami na yi shiru, domin na tuna mutane da yawa da na sani. Na ga magidanci mai mutunci wanda rana ɗaya aka wayi gari ya yi abin kunyar da ya rusa gidansa, jama'a suna ta mamaki wai me ya same shi jiya. Ba jiya ba ne. Ya daɗe yana haƙa ƴan magudanai, ƴar ƙarya yau, ɗan cin amana gobe, bashin da ba niyyar biya, sallar da ake ɗagawa saboda ciniki, kowanne ƙarami ne har ba ya jin ya yi wani abu, amma kowanne yana tsiyaye ruwan da ke kare shi. Da yake shekarun na wadata ne, ba wanda ya gani, shi ma bai gani ba. Da farinsa ya zo, ko talauci ko muƙami ko fushi, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Saboda haka kada ka yi saurin yaba wa kanka don ba ka yi sata ba a lokacin da aljihunka ke cike, kuma kada ka yi saurin zagin wanda ya faɗi, domin ba ka san farin da ya same shi ba. Ba ina zarginka da komai ba ne, Allah Ya sani ban ga abin ƙi a gare ka ba, sai dai yanzu ne kake cikin daminarka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutanen Indunusiya, a ba su haƙƙinsu, sun ɗauki darasi bayan 2015. A Janairun 2016 Shugaba Joko Widodo ya kafa hukuma ta musamman don farfaɗo da ƙasar gambut, aka ɗora mata kimanin hekta miliyan 2 a larduna bakwai. Aikin nata ba abin a ɗauki hoto a yi alfahari ba ne: toshe magudanai. A kafa turaku na katako jeri biyu a tsakiyar magudana, a cika tsakaninsu da buhunan ƙasa, ruwa ya taru ya koma cikin fadama, a haƙa rijiyoyin burtsatse don jiƙa ƙasa da rani, a sake dasa itatuwan da ke son ruwa, a nema wa ƙauyawa sana'ar da ba ta bukatar wuta. Magudanar da katafila ta haƙa a mako guda, sai an yi mata madatsai da yawa, kuma kowace madatsa tana son a riƙa duba ta, domin katako yana ruɓewa, wani lokaci ma masu kwalekwale su fasa ta don ta tare musu hanya. A wannan shekarar kuma Majalisar Malaman ƙasar ta ba da fatawa cewa ƙona daji ko gona ta yadda zai jawo ɓarna da cutar da mutane haramun ne, haka ma taimaka wa mai yi ko cin riba daga gare shi. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin akwai manomin da ba ya tsoron ɗan sanda amma yana jin maganar limaminsa.

An samu sauƙi, sai dai ba a warke ba. A 2019 fari ya sake zuwa, wuta ta ci kimanin hekta miliyan 1.6, a lardin Jambi sama ta yi ja kamar jini da rana tsaka, shugaban ƙasa da kansa ya tsaya sahun sallar roƙon ruwa a Pekanbaru, kuma hukumar Turai mai lura da iska ta ƙiyasta abin da ya fita da kimanin tan miliyan 700. Daga 2020 zuwa 2022 aka yi shekara uku na ruwa mai yawa, ƙasar da ta ƙone ba ta kai hekta dubu 400 ba a kowace shekara. Da El Nino ya dawo a 2023 ta haura hekta miliyan 1 da kaɗan. In ka jera shekarun fari kaɗai, 1997 da 2015 da 2019 da 2023, za ka ga abin yana raguwa, kuma haka ya kamata a yi awon, a gwada fari da fari. Duk da haka ina taka-tsantsan, domin farin 2023 ya tarar da ƙasa tana da sauran danshin shekara uku. Kuma ɗan'adam mai mantuwa ne: a 2020 gwamnati ta sake buɗe wani shirin noman abinci a wani sashe na wancan filin da shinkafar Suharto ta gaza. Ita kuwa ƙasar da ta riga ta ƙone, mita ɗaya da wuta ta cinye a mako biyu, sai an yi ɗaruruwan shekaru kafin ta sake taruwa, in ma an bar ta ta taru.

A nan Afirka ma akwai irin wannan rumbu. A 2017 masu bincike suka bayyana cewa a tsakiyar kurmin Kwango, tsakanin ƙasashen Kwango biyu, akwai fadamar gambut da ta fi kowace girma a yankuna masu zafi, tana riƙe da kabon kimanin tan biliyan 30. Har yanzu jiƙe take. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi wa naka.

Na yi maka alkawarin zan dawo kan masu toyinmu. Gaskiya ne ciyawa tana dawowa, amma ba komai ke dawowa ba. Wutar da yara suka sa don su kama gafiya biyu da zomo ɗaya tana kashe ƴan tsiron gawo da ɗorawa da kaɗanya waɗanda ba su kai gwiwa ba, kuma dajin da ake kashe wa ƴaƴa kowace shekara, ranar da manyan suka faɗi ko aka mai da su gawayi shi ke nan, wannan bashin ba ya biyuwa. Tana cinye karmami da ganyen da ya kamata su ruɓe su zama taki, ta bar ƙasa tsirara iskar hunturu ta kwashe, ta cinye abincin dabbobi a lokacin da makiyayi ya fi bukatarsa. Na yi shekaru ina faɗa wa manoma haka, wasu su ji, wasu su ce toka ma taki ce. Taki ce, amma kaɗan ce daga abin da aka ƙona.

Saboda haka ga roƙona. Bana kai za ka tsaya a kan sharar gonar mahaifinku, Allah Ya jiƙansa. Karan da ya rage a kwashe wa dabbobi, ragowar a bar shi ya kwanta a ƙasa. Duk ɗan tsiron gawo ko ɗorawa da ka gani, ka kafa masa ƴar sanda don masu huɗa su kauce masa. In akwai ƙaya ko tarkacen da dole sai an ƙona, a tara shi wuri ɗaya a tsakiyar gona, a share kewayensa, a sa wutar da sassafe kafin iska ta tashi, kuma kada ka bar wurin don ka ga toka ta yi fari. Ka sa sanda ka tona ta har ƙasa, ka zuba ruwa, ka sake tonawa. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe ranar Juma'a in Allah Ya kai mu.